Ina Ma Giyar Ce

Litinin, 7 ga Yuli, da hantsi

Motar kamfani ta sauke ganguna tun da sassafe. Na buɗe ta farko, na cika kofi, na shanye a tsaye a bakin ƙofa kowa na gani. Haka mahaifina ya yi a shagon nan, haka duk mai gidan giya yake yi a layinmu na tsohon garin Qingdao. Giyar ganga ba ta kwana, in mai shago bai sha kofin farko ba, ba wanda zai yarda ta yau ce.

Zafi ya sauko da gaske. Kowane namiji a layin ya naɗe singiletinsa har hamata, tumbi a waje yana shan iska. Ni ban naɗe ba. Suyun, matata, tana soya jatan landen da wani ya kawo daga kasuwa, ta waigo ta ce, "Baban Yalan, sanyi kake ji ne?" Na ce ta kula da kaskonta kada ta ƙona wa mutane abinci.

Yana nan. Ɓangaren hagu, daidai ƙarƙashin kan nono, wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino. Ba ya ciwo.

Laraba, 9 ga Yuli, da la'asar

Yau hankalina ya kwanta, bari in rubuta kafin ya sake tashi.

Jiao mai kifi, abokina tun muna 'yan mitsi-mitsi, yana zaune a teburin bakin ƙofa da Malam Sui, wanda ya koyar da rabin yaran unguwar nan kafin ya yi ritaya, yanzu kuma wayarsa ce ke koyar da shi. Jiao ya tallabo ƙirjinsa da hannu biyu ya ce, "Ku dubi ikon giya! Na rantse nawa sun fi na matata." Aka bushe da dariya.

Malam Sui ya gyara tabarau ya ce, "Kuna dariya, ai ba wasa ba ne. Ga shi nan an rubuta. Furen nan da ake zubawa don giya ta yi ɗaci, akwai wani abu a cikinsa mai kama da sinadarin jikin mata. Ka sha, ka sha, na maza ya yi ƙasa, na mata ya yi sama."

Jiao ya ce, "Ashe shi ya sa nake hawaye in ina kallon fim! Malam, to yaushe zan fara shayarwa?"

Ina riƙe da leda a bakin famfon ganga ina auna wa wata mata giyar da za ta tafi da ita gida, na tambaya kamar ban damu ba, "Malam, in mutum ya daina sha, yana komawa?"

"Sun ce wata guda ka ga bambanci."

Jiao ya nuno ni da tsinken cin abinci. "Yaya Luan, kai ma ka shigo ƙungiyarmu ne? Ɗaga rigar mu gani!" Na ce in ya biya kuɗin kallo.

To giya ce. Kowa a layin nan yana da shi, ni nawa ne ya zo a makare. Giya ce kawai.

Alhamis, 10 ga Yuli, da safe

Na daina. Ban faɗa wa kowa ba.

Kofin farko ne matsalar. Na dafa shayin sha'ir na sa a firji, launinsu ɗaya. In na buɗe ganga sai in juya wa titi baya, in ɗebi kumfa da cokali in ɗora a kan shayin, in fita in kafa kai. Luan Defu, mai gidan giya ɗan mai gidan giya, yana yi wa shayi kwalliya da cokali. Ni kaina sai da na yi wa kaina tsaki.

Asabar, 12 ga Yuli, da rana

Rashin giyar ya fara taɓa ni. Na zubar da leda guda a kan takalmin wani, ya yi magana, na mayar masa da biyu. Suyun ta ba shi haƙuri ta sake auna masa. Ni ko kallona ba ta yi ba.

Talata, 15 ga Yuli, da hantsi

Bai ragu ba. Ai da sauran lokaci.

Juma'a, 18 ga Yuli, da yamma

'Yarmu Yalan ta kira daga Jinan, ta haska mana jaririyarta a waya. Ta yi ɓul-ɓul, goshin kuwa nawa ne sak, kowa ya ce. Za su zo ƙarshen watan gobe a yi bikin cika kwana ɗari a nan gida, Suyun har ta fara lissafin waɗanda za a gayyata da waɗanda take fushi da su.

Yalan ba ta gama waya ba sai da ta yi mini wa'azinta. "Baba, ka rage giyar nan. Dubi cikinka. Ina so ka ga yarinyar nan ta shiga makaranta." 'Ya ɗaya gwamnati ta bari muka haifa a zamaninmu, sai muka samu wadda ta isa goma wajen surutu. Na so in ce mata na daina, ta ji daɗi. In na faɗa za ta tambayi dalili. Na ce, "To, uwata, na ji."

Lahadi, 20 ga Yuli, da sassafe

Jiao ya zo da tawul a kafaɗa mu tafi wankan teku kamar kowace Lahadi. Na ce bayana ke ciwo. Ya ce, "Bayanka ko lalaci? Ruwan gishiri ai shi ne maganin baya." Na ce ya tafi kawai. Ya tsaya yana kallona jim kaɗan, ya tafi.

Na rufe banɗaki na duba. Kan nonon kamar ya fara shigewa ciki. Ko idona ne. Madubin nan ma ya tsufa, ya kamata a sake shi.

Alhamis, 24 ga Yuli, da la'asar

Asiri ya tonu.

Ɗan Jiao ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, uban ya cika tebur da ƙaguwa ya ce kowa ya sha a kansa. Ya miƙe da kofi ya ce, "Yaya Luan, kai ne babba, sai mun ga gindin kofi!" Na ɗauko nawa daga bayan kanta. Kumfar ta riga ta kwanta, ban lura ba. Ya leƙa, ya ce, "Wannan wace irin giya ce ta mutu tun da ranta?" Kafin in janye ya fizge ya kurɓa.

Ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya ce, "Shayi."

Duk wurin aka juyo ana kallona. Har kaskon Suyun na ji ya daina ƙara. Wani matashi direban tasi ya ture kofinsa gefe ya ce, "Maigida, in kai ba ka sha, mu me kake ba mu?" Na ce giyata lafiyarta lau, ta yau ce, ga takardar mota can in yana so. Ya ce, "To sha mu gani."

Na cika kofi. Na kai shi baki, ƙamshin ya daki hancina, yawuna ya tsinke. Sai na tuna na kusa rabin wata, in na sha na koma farko. Na dangwarar da kofin na shige ciki. Ina jin Jiao yana cewa, "Kai yaro, iya bakinka, ubanka ma a nan ya koyi sha." Amma kujeru na ta ƙara, mutane na tashi.

Juma'a, 25 ga Yuli, da magariba

Ganga guda ko rabi ba ta yi ba. Na tuttular da sauran a kwata, kumfa har bakin titi. Mutanenmu suna can tsallake a shagon Zang, ya naɗe riga har wuya yana ta washe haƙora.

Wai ana cewa kamfani na ba ni ragowar jiya a rabin kuɗi. Ni! A shagon ubana!

Litinin, 28 ga Yuli, da hantsi

Bai ragu ba.

Jiao ne kaɗai ya zo. Bai yi mini maganar shayi ba, ni ma ban yi ba. Ya zauna ba riga yana ɓare gyaɗa, ni kuwa ƙirjinsa nake kallo ta gefen ido kamar ɗan iska. Nasa biyu ne, daidai wa daida, in ya yi dariya suna rawa. Nawa ɗaya ne. Nawa ba ya rawa, ko na tura shi da yatsa ba ya gusawa.

Wataƙila jikin kowa da yadda giya ke kama shi. Malam Sui bai karanta har ƙarshe ba, na san shi, kan labari kawai yake karantawa.

Laraba, 30 ga Yuli, da rana

Giya ce. Wata bai cika ba tukuna.

Asabar, 2 ga Agusta, da safe

Suyun tana wanki a tsakar gida, ta kira ni da cikakken sunana. Rabon da ta yi haka tun muna saurayi da budurwa, ranar ma faɗa ne.

Singiletina ne a hannunta, ta miƙe shi da hannu biyu. Ɗan tabo ne a hagu, ja ya koma baƙi-baƙi, bai kai girman ƙwayar wake ba. Ta ce, "Wannan ne na uku. Na farko na ce sauro ne. Na biyu na ce ƙarfen ganga ne ya karce ka. Wannan kai za ka faɗa mini."

Na ce ba komai. Ta ce, "Kana kwana da riga cikin wannan zafin. Kana juya mini baya. Ka daina giya, ka kori mutanenmu da hannunka. Na zauna na ce ko wata ka samu, na dube ka da kyau na ce wace ce za ta kwasa? Cire rigar."

Na ɗaga murya na ce ni ba yaro ba ne. Ta ce, "Cire, ko in yaga ta."

Na cire. Hannunta jiƙe da ruwan sabulu, da sanyi. Ta danna sau ɗaya ta janye kamar ta taɓa garwashi. Na yi ta zuba, giya ce, Malam Sui ya karanta, dubi Jiao, saura kwana kaɗan wata ya cika. Ta bar ni na gama. Ta ce, "Yayata ma giya take sha?"

Yayarta ta rasu shekarun baya. Suyun ce ta yi jinyarta har ƙarshe, ita ce ke wanke mata wurin.

Ta koma kan wankinta. Tana dirza rigar nan tana kuka ba sauti, ni ina tsaye tsirara daga ƙugu zuwa sama, na rasa inda zan sa hannuna.

Talata, 5 ga Agusta, da la'asar

Mun je asibiti. Hawa na uku, sashen da ba a ganin maza sai masu riƙe jaka.

Mata ne cike da benci, wasu da ɗankwali a kai ba gashi. Da aka kira "Luan Defu" na miƙe, ma'aikaciyar ta ce, "Kawu, ba mai rakiya ba, mara lafiyar." Suyun ta ce da ƙarfi, "Shi ne mara lafiyar." Duk kawuna suka juyo. Da ƙasa ta tsage da na shige. Wata tsohuwa ta matsar da ƙafarta in wuce, ta ce a hankali, "Shiga, ɗana, ba komai." Wannan ya fi kallon ciwo.

Likita Gai yarinya ce, ba za ta girmi Yalan da yawa ba. Kafin ta taɓa ni na riga ta da bayani, furen giya, sinadarin mata, na daina kusan wata. Ta saurara, ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Kawu, abin da ke cikin furen nan kaɗan ne ƙwarai, ba shi ne abin tsoro ba. Yawan shan shi ne. Giya in ta yi yawa tana gajiyar da hanta, tana tara kitse, ta rikita sinadarin maza da na mata a jiki, har ƙirjin namiji ya tashi. Abokanka ba ƙarya suka yi ba. Amma irin wannan yawanci taushi gare shi, kuma sau da yawa ɓangare biyu ne."

Na ce, "To nawa fa?"

Ta ce in ɗaga hannu. Ta daɗe a hamatata, ta fi daɗewa a can fiye da ƙirjin. Ta ce, "Tun yaushe ka fara jinsa?" Na ce watan jiya. Suyun ta kalle ni. Na ce tun bikin sabuwar shekara.

Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama da allura, wuri biyu. Sai mako mai zuwa.

A mota Suyun ta riƙe gefen rigata har gida, kamar zan gudu.

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

Na bar ganga ɗaya, na ce wa direban ya mayar da sauran.

Juma'a, 8 ga Agusta, da hantsi

Jiao ya shigo tun kafin in buɗe. Ya ajiye kifi a kanta ya ce matarsa ta gan mu a asibiti, a hawa na uku, ta raka ƙawarta. Ya ce, "Suyun ce?" Na ce a'a. Ya dube ni, idonsa ya sauka kan filastar da ta ɗan turo riga.

Ya ce, "Kai, maza ma?" Na ce haka aka ce, ba a tabbatar ba.

Ya zauna daɓas. Can ya ce, "Ni da bakin nan nawa. Ɗaga mu gani, ɗaga mu gani." Na ce ya rufe mini baki, in kuka zai yi ya je ya kalli fim. Muka yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba.

Da na buɗe ganga ya karɓe kofin daga hannuna, ya fita tsakiyar titi, ya daka wa 'yan shagon Zang tsawa, "Ku buɗe ido, munafukai!" Ya shanye, ya kife kofin a kansa. Mutum uku suka tsallako. Da ya dawo na ga ya sauke singiletinsa, ya rufe cikin. Yana ta shafa ƙirjinsa ta saman riga yana zaton ban gani ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, da rana

Wata ya cika. Bai ragu ba.

Talata, 12 ga Agusta, da yamma

Ba giya ba ce.

Ba zan rubuta sunan ba. Likita Gai ta faɗe shi sau ɗaya, a fili, ba ta kewaya ba, na gode mata da wannan. Har da hamatar. Za a yi aiki ranar Litinin, bayan nan sai maganin da ke zubar da gashi. Na tambaye ta da na zo tun sabuwar shekara fa? Ta ce, "Kawu, yau ka zo, da yau za mu yi aiki." Na gane amsar.

Na ce, "To ba ruwan giya ko kaɗan?" Ta ce ba za ta rantse ba, yawan sha ba ya taimakon kowa, kada kuma in koma. Amma ba nan hankalinta yake ba. Ta juyo da kujerarta ta ce, "A danginku akwai wanda ya yi irin wannan?"

Na ce babu. Suyun ta ce, "Mahaifiyarka fa?"

Ina yaro ta rasu. Ciwon ƙirji aka ce mana, ba a ƙara ko kalma ba, mata ne kawai ke shiga ɗakin. Duk rayuwata na ɗauka tari ne. Suyun ta ce gwaggona ta faɗa mata gaskiya tun tana amarya, kuma ƙanwar mahaifiyata ma haka ta tafi. Na ce me ya hana ta faɗa mini? Ta ce, "Maganar mata ce, wa ya san za ta shafe ka?"

Likita ta ce in abin nan ya kama namiji, ga kuma irin wannan tarihi, sau da yawa a jini yake, gado ne. Za su gwada jinina su gani. Sai ta ce, "Kana da 'ya'ya?"

Na ce ɗaya.

"Mace ko namiji?"

Na dubi matata. Suyun ce ta amsa.

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi

Ina ma giyar ce. Da giya ce, ni na sha, ni zan biya, magana ta ƙare a kaina.

Suyun ta ce ita za ta kira Yalan. Na ce a'a. Ta wurina ya bi, daga bakina za ta ji. Na ɗauki wayar na ajiye, na ɗauka na ajiye. Na wanke kofunan da na riga na wanke.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Na kira. Na ce ba sai an haska fuska ba, murya ta isa.

Ta ɗauka da fara'a, ina jin 'yar ƙaramar tana gurnani kusa da wayar. Ta ce, "Baba! Mama ta ce ka daina giya, da gaske? Kai, yau sai na zuba ruwa a ƙasa na sha! Wa ya iya da kai?"

Na ce likita. Na ce za a yi mini ɗan aiki ranar Litinin, a ƙirji. Na faɗi sunan. Karo na farko ke nan da ya fita daga bakina, kuma ga 'yata.

Sai muryarta ta fashe. "Na faɗa maka! Shekara nawa ina faɗa maka giyar nan, giyar nan!" Na bar ta ta yi faɗanta, ina jin daɗinsa ma. Na so in ce e, ke ce da gaskiya, in kashe waya a haka. Suyun na tsaye a bakin ƙofa tana kallona.

Na ce, "Yalan, ba giya ba ce. Kakarki ma shi ne ya ɗauke ta, da ƙanwarta. Likita ta ce wataƙila a jininmu yake. In gwajina ya nuna haka, tana so ta gan ki, ke ma a gwada ki."

Jaririyar ta saki kuka. Yalan ta ce, "Tsaya, Baba, bari in juya ta ɗaya ɓangaren, nono take sha." Na ji motsin zani, na ji kukan ya yanke, na ji 'yar tana haɗiya. Na daɗe ina sauraron wannan haɗiyar.

Can ta ce, da wata ƙaramar murya da rabon da in ji ta tun tana firamare, "Baba, ita ma?"

Na ce ban sani ba, uwata. Ta ce za su biyo jirgin ƙasa na gobe da safe, in aiko Kawu Jiao ya ɗauke su a tasha.